Hoton Malam da Aka Aika Dakar

Duk baƙon da ya shigo ɗakina a unguwar Talaje, kafin mu gama gaisawa idonsa ya kai kan hoton da ke rataye a bango. Sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Dubi fuska sumul, kamar bai taɓa ciwo ba." In ce amin, in kau da kai. Na daɗe ina haɗiye maganar nan. Yanzu da ƙafafuna suka fara ƙin ɗaukata, na ga gara in faɗe ta, ko wata mai jinya za ta ji ta tsira da nata majinyacin.

Mijina Malam Isufu tela ne. Daga Maradi muka zo Yamai, ba da daɗewa ba bayan an sauke tutar Faransa, lokacin da kowane ƙaramin ma'aikaci yake son a ɗinka masa rigar shiga biro, wato ofis. Yayansa Elhaji Sule, mai fataucin itacen gini a kasuwar Katako, shi ya riga mu zuwa, shi ne kuma ya samo masa rumfa a bakin Babbar Kasuwa. Malam mutum ne mai son ado. Ko gishiri zai sayo a bakin hanya, sai ya sa rigar da aka goge. Aibinsa ɗaya, garin taba da kanwa da yake cusawa a kuncin hagu tun yana saurayi. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Sai ya yi dariya ya ce, "Rabi, ke da goronki fa, wa ya hana ki?"

Ciwon ya fara kamar wasa. Wani haƙori na can ciki, daidai inda yake ajiye tabar, ya soma yi masa zogi in ya sha ruwan randa. Na daka masa kanumfari ya danna, ya lafa, ya dawo. Da haƙorin ya fara girgiɗa, sai ya tafi wurin wanzamin unguwa, aka sa awartaki aka fizge shi. Ya dawo da jini a gaban riga yana murna, wai ya rabu da bala'i.

Ramin haƙorin bai rufe ba. Mako ya wuce, wani ya bi, gefen ramin ya yi fari ya yi tauri, yana fitar da ruwa mai wari. Malam ya fara yawo da mushuwar, wato hankici, a baki. Ranar da ya dawo daga kasuwa tun kafin la'asar sai da na matsa masa ya gaya mini dalili. Wai yana auna wuyan wani ma'aikaci, mutumin ya kau da fuska ya toshe hanci. A shekarun zamanmu ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Washegari na ga kuncin ya ɗan tasa, kamar ya ɓoye goro a ciki.

Nan muka fara sintirin asibiti. Daga Talaje wurin da nisa. In mun yi sa'a mu sami motar itacen Elhaji ta rage mana hanya, in ba mu yi ba mu taka. Likitan haƙori ɗaya ne, ƙofarsa ɗaya, layin kuwa har ƙarƙashin itatuwan dogonyaro. Ga mai ɗaure da ƙyalle a haɓa, ga uwa da yaro mai kuka, ga tsoho da ya zo daga ƙetaren kogi tun jiya. Sau da yawa rana take takewa a rufe ƙofa ba a kai kanmu ba. Mai kiran mutane wani anfirme ne, wato ma'aikacin jinya, Bazabarme, Majo Hamani, shi ne kuma tafinta. In ya fito ya ga sauran layi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kala suru, sai gobe." Na ji kalmar nan ta haƙuri har na tsane ta, ko da yake mutumin bai taɓa yi mana tsawa ba.

Ranar da muka shiga, likitan wani saurayin nasara ne da rana ta gasa wa wuya. Ya karɓe mu da wasa, yana gwada ƴar Hausarsa. Da Malam ya buɗe baki ya haska fitila a ciki, sai wasan ya ƙare. Ya taɓa kuncin, ya taɓa ƙasan muƙamuƙi, ya daɗe yana magana da Majo da Faransanci. Sannan Majo ya juyo gare mu.

"Lokotoro ya ce wannan ya wuce aikin haƙori. Sai an yanke wurin, kuma masu wannan aiki suna Dakar. Masu jiran jirgi da yawa, wuri kaɗan. Can ne ake zaɓen wanda za a fara kira."

Na ce, "To yaya za su zaɓa, ba su gan shi ba?"

Likitan ya ji tambayar, ya gyaɗa kai. Ya ce takarda zai rubuta, amma takarda ba ta isa ba, kowane likita yana rubuta cewa nasa majinyacin ya fi tsanani. Hoto ake so. Shi fim ɗin na'urar hotonsa ya ƙare, wanda ya yi oda bai iso ba. Don haka mu je wurin mai hoto a gari, a ɗauki Malam ta gaba, a ɗauke shi ta gefen kumburin, a ɗauki cikin bakin a buɗe, ba rawani ba mayafi. Bayan wata guda a sake, a kawo duka tare. In likitocin Dakar suka jera na farko da na biyu, za su ga saurin da abin yake yi. Sai ya nuna idonsa da yatsa, ya nuna kuncin Malam, ya faɗi wata magana da Majo ya fassara mana a hankali: "Ina so su ga abin da nake gani."

Maganar nan ta zauna mini a kai. Ban ga wani abu mai wuyar ganewa a cikinta ba.

Da Elhaji ya ji labari da yamma, abu ɗaya ya shiga kunnensa, Dakar. Ya gyara zama ya ce, "Dakar hwa! Gaban manyan likitoci na ƙasashe. Hoton wanga ba na wasa ba ne, ɗan gidanmu za a gani." Ya aiko da babbar rigarsa ta shadda. Ya so a naɗa rawani, Malam ya ce likita ya hana. Mai hoton kuma ba sai an nema ba. Mamman, mutumin Tawa, shagonsa yana jikin rumfar Malam, kwano ɗaya suke cin abincin rana. A Kumasi ya koyo aiki, kuma duk Yamai an san hannunsa. Amarya mai zanen ƴan rani a fuska takan shiga shagonsa, hotonta ya fito kamar an wanke ta da madara. A lokacin mace irina ba ta shiga shagon hoto cikin maza, don haka Malam da Elhaji suka tafi, ni na zauna ina dama masa kunu.

Watan nan na tsakanin hoto da hoto, ban san ta yaya zan kwatanta shi ba. Ina kallon abin yana girma da idona. Goron ya zama kamar ƙwan agwagwa, fatar wurin ta miƙe tana sheƙi. Tuwo ya gagara, muka koma fura mai ruwa. Bakin ya rage buɗuwa, maganarsa ta fara fita a cukurkuɗe.

Masu ba da shawara kuwa ba su gagara ba. Gwaggonsa Tabawa ta taso takanas daga Maradi da ƙullin sassaƙe. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Daji ne. Daji kuwa ba ya son ƙarhe. Kuka bari aka sa mishi wuƙa, kun kashe shi." Aka yi hayaƙi, aka shafa, aka sha rubutu. Wani ya ce abokan sana'a ne suka yi masa jifa saboda ɗinkin ma'aikata ya koma rumfarsa. Wata maƙwabciya ta kawo man kada. Ban hana kowa ba, ba ni da bakin hanawa, kuma kowa da zuciya ɗaya ya zo. Sai dai duk mai magani da abin da yake karɓa. Akuyata ta tafi, kwallayen aurena suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har gefen gadona ya zama fili.

Aka ɗauki hoto na biyu. Elhaji da kansa ya karɓo ambulan ɗin hotunan daga wurin Mamman ya kai asibiti. Ya tarar da saurayin likitan ya gama wa'adinsa ya koma ƙasarsu, amma ya bar takardarsa a hannun Majo, ya ce da hotuna sun zo a haɗa a aika. Majo yana da layin masu allura har bakin titi, ya karɓi ambulan a rufe ya haɗa ya aika. Elhaji ya biyo ta gidanmu ya ce daga bakin ƙofa, "An gama. Ba mu ji kunya ba." Ni hankalina yana kan tsumman da nake wankewa na ruwan bakin Malam, na ce Allah ya saka da alheri.

Sai jira. Ƙofar likitan haƙori a rufe, ba a kawo wani ba tukuna. Kowane mako in je in tsaya, Majo ya hango ni ya girgiza kai tun daga nesa. Malam ya daina zuwa kasuwa. Aka ɗauko keken ɗinkinsa aka kawo gida, wai zai riƙa taɓawa. Ya taka shi kwana kaɗan, jijjigar keken tana hawa masa har cikin muƙamuƙi, ya bari. Daga baya keken ma ya bi kwallaye. Ranar da aka zo ɗaukarsa ya juya fuska bango.

Da amsar Dakar ta zo, Majo ya karanta mana a tsaye a baranda. Sun duba hotuna biyun, kumburin kaɗan ne, kuma bai ƙaru ba tsakanin na farko da na biyu. Ba gaggawa. A yi masa allurar fenisilin, a sake dubawa bayan wasu watanni.

Elhaji ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Ya sa aka yi waina aka raba sadaka. Malam ma ranar ya yi ƙoƙarin murmushi da rabin bakin da ya rage masa. Ni kuwa ban shiga murnar ba. Na dubi fuskar da nake wankewa kullum, na ce, "Yaya Elhaji, wane bai ƙaru ba? Ni da nake ganinsa safe da yamma?"

Ya ce, "Ke Rabi, mi kika sani? Kin hi likitocin Dakar gani ne? Ki gode ma Allah ki yi shiru."

Na yi shiru, amma ban gode ba, Allah ya yafe mini. Aka yi ta allura har mazaunansa suka yi tauri, zama ya gagare shi. Kumburin bai san ana yi ba. Ya gangaro wuya, ya fashe ta waje, ƙuda suka samu wurin zuwa. Ɗiyarmu Hadiza, wadda lokacin ba ta daɗe da yaye ba, ta fara gudun ubanta. In ya miƙa mata hannu sai ta ɓuya a bayan zanena. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

Bayan damina aka kawo sabon likita, ɗan ƙasa, mutumin Damagaram da ya dawo daga karatu. Shi ba ya buƙatar tafinta. Muka shiga da Malam a jingine da kafaɗata, Elhaji yana biye. Likitan ya kwance ƙyallen, ya duba. Ya jawo takardun Malam, waɗanda aka maido da su daga Dakar, ya zazzage ambulan a kan tebur. Ya dubi hoto, ya dubi Malam, ya sake duban hoto.

Ya ce, "Wane ne wannan?"

Elhaji ya ce, "Shi ne mana. Ƙanena."

Ranar na fara ganinsu. Mijina ne, cikin shaddar Elhaji, an ɗan karkata shi yadda haske ya sauka a kuncin lafiya. Ɗaya kuncin kuwa ɗan tudu ne kawai, kamar mai tauna goro. Na farko da na biyu ba ka bambanta su. Fuskarsa ce ta ranar sallah, shekarar da muka zo Yamai.

Likitan ya kai hoton bakin taga, ya kira ni ya nuna mini gefen muƙamuƙin, inda layin ya yi santsi fiye da na mutum. Ya ce, "An gyara shi. Ana bin fim ɗin da fensir mai tsini da bakin reza kafin a wanke hoto. Ina na cikin bakin?" Babu. Ya ajiye hoton a hankali. Ya ce ba zai rantse cewa da an yi aikin Malam zai warke ba, wannan na Allah ne. Amma da sun ga gaskiyar fuskar nan a watan farko, da sun kira shi. Sai ya rage murya ya ce, "Yanzu ya kama wuya. Ya wuce wuƙa."

Duk da haka ya ɗauko tasa na'urar daga aljihun tebur, ya nemi izinin Malam. Malam ya gyaɗa kai. Ya ɗauke shi yadda yake, da ruwan da ƙudan da komai, ya sa Majo ya riƙe ɗan ma'auni a jikin kumburin don a ga girmansa. Ya aika. Wannan karon amsa ba ta daɗe ba, kuma abin da ya faɗa shi suka faɗa. Elhaji tun daga ɗakin likita har gida bai buɗe baki ba.

Ni na buɗe nawa. Washegari na yafa mayafi na tafi Babbar Kasuwa, na shiga shagon da ban taɓa shiga ba. Mamman yana zaune a gaban wani ɗan tebur mai fitila a ƙasa, fensir a hannu, yana aikin fuskar wata. Na ajiye masa hotunan da likita ya bar mana a gaba. Na ce, "Mamman, me ka yi wa mijina?"

Ya miƙe yana murna da farko, ya ɗauka godiya na zo yi. Da na gaya masa abin da likita ya ce, fensirin ya faɗi daga hannunsa.

Ya ce, "Uwargida, wallahi ban taɓa wahala a kan hoto kamar wanga ba. Na biyun yini biyu na yi a kansa. Isufu ne hwa. Mutumin da ko zare bai bari a jikin rigarsa. In bar shi ya tai gaban baƙi da huska hakanan? Elhaji ya ce mini, ka san aikinka. Aikina ke nan. Na buɗaɗɗen bakin kuwa, na wanke na gani, na ce wanga ba ya hita daga shagona da sunan abokina. Ko dala ban amsa ba."

Na zo da zagi cike da baki, na rasa wanda zan fara da shi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ka goge masa ciwon a takarda, ka bar mini shi a gida." Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Na fito na bar shi yana kuka, ni ma ina yi, mutanen kasuwa suna kallona.

Sauran makonnin ba na son tuna su, amma mai jinya ya kamata ta san abin da ke gabanta. Cokali ya daina shiga, na koma ɗiga masa ruwa da auduga ta gefen baki. Turaren wuta ya daina rufe warin. Masu zuwa dubiya suka koma gaisuwa daga tsakar gida. Ba zan manta alherin Majo Hamani ba, wanda yake tako kekensa har Talaje bayan ya tashi aiki, ya wanke miki ya ɗaure, bai taɓa karɓar ko ruwa ba. Maƙwabciyata Bazabarma ta ɗauke mini ɗiban ruwa da riƙon Hadiza, ba ma jin yaren juna sosai. Elhaji ya ɗauki cin gidan gaba ɗaya, ban rasa hatsi ba ko sau ɗaya, amma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar hoton ba, ni ma ban yafe masa da baki ba. Mamman kuwa kullum da la'asar sai ya rufe shago ya zo ya zauna a gefen tabarma da mafici yana korar ƙuda. Ban taɓa yi masa sannu ba, ban kuma kore shi ba.

Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu, Malam ya yi mini alama in kawo ambulan ɗin hotunan. Ya zaro hoton farko ya daɗe yana kallo. Hadiza tana bakin ƙofa, ta ƙi shigowa kamar kullum. Ya juya hoton ya nuna mata. Yarinyar ta tako a hankali, ta sa yatsa a kan takardar ta ce, "Baba." Ba ta dubi mutumin da ke riƙe da hoton ba.

Na kai kunnena bakinsa, don maganar ba ta fita sai da ƙyar. Ya ce, "Rataye shi. Ta san ni haka."

Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, kansa a kan cinyata.

Don haka, ke mai jinya, kai mai jinya, in likita ya ce a ɗauki hoton ciwo, ku bar shi ya ɗauka da hannunsa, ko ku tsaya a kan mai ɗauka. Kada a sa rigar sallah, kada a juya wa haske kuncin lafiya, kada a ji kunyar buɗe baki. Hoton ciwo ba na bango ba ne. In bai ba ku tsoro ba, bai yi aikinsa ba.

Ni na cika wasiyya, na rataye. Hadiza ta girma ta yi aure, ba ta san wata fuskar uba ba sai wannan, ban kuma taɓa gaya mata ba sai yau da za ta karanta. Majo ya rasu, Mamman ya rasu, Elhaji ya rasu. Ni kaɗai na rage da ainihin fuskar a kaina. Kuma har gobe, duk wanda ya shigo ya ɗaga kai sai ya ce kamar bai taɓa ciwo ba. Ba na jin haushinsu. Likitocin Dakar ma abin da suka ce ke nan.